Ɗinkin Awo Ga Kunne: Me Ake Saye Da Sefa Miliyan Guda?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san bambancin rigar da aka auna mutum aka ɗinka masa da wadda ya tarar a rataye a kasuwa. Ta kasuwa takan shiga, amma ko wuya ya yi faɗi ko hannu ya zarce. Ta awo kuwa, da an zura ta sai ta kwanta a jiki kamar da ita aka haifi mai ita. To, ashe kunne ma ana yi masa ɗinkin awo. Cikin abubuwan sauraron nan da ake cusawa a kunne, waɗanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira iyafis, mu kuma a nan muka ari sunan Faransanci muna cewa ekutar, akwai wani nau'i da ba a samunsa a kanti. Sai mutum ya je wurin masanin kunne an ɗura masa wata roba mai laushi cikin ramin kunnensa, ta daskare, a zaro ta, a aika da ita masana'anta, a ƙera masa nasa shi kaɗai. Kuɗinsa kan fara daga dala 400 ko 500, ya haura 2,000, wani ma ya taɓa 3,000. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Dala 2,000 ta zarce sefa miliyan guda, kuɗin da zai ajiye wa saurayi sabon babur a ƙofar gida.

Masu shi suna rantsuwa da cewa kafin su same shi ba su taɓa jin kiɗa ba, hayaniya kawai suke sha. Masu yi musu dariya kuma suna cewa kuɗi ne suka rasa abin yi. Mu ra'ayinmu shi ne abin yana da amfani na gaske, sai dai amfanin ba ya inda ƴan talla ke nuna mana da yatsa. Kuma kafin Bahaushe ya yi sha'awarsa, akwai wata tambaya da ta riga tambayar farashi: wane sauti za mu zuba a ciki?

Asalinsa ba na masu neman jin daɗi ba ne, na masu neman tsira da kunnuwansu ne. A da, mawaƙin da ke kan dandamali yana jin kansa ne ta wasu lasifikoki da ake jerawa a ƙasa suna fuskantarsa. Jama'a na ihu, ganguna na tashi, kowane makaɗi na neman a ƙara masa nasa, har dandamalin ya zama wurin da ba mai jin wani. A 1995, Alex Van Halen, makaɗin gangar ƙungiyar Van Halen ta Amurka, ya koka wa injiniyan sautinsu, Jerry Harvey, cewa ƙarar ta yi masa yawa kuma ba ya jin abokan kiɗansa. Harvey ya nemo ƴan mitsi-mitsin lasifikoki guda biyu, ɗaya ta sauti mai kauri, ɗaya ta siriri, ya dasa su cikin ƙoƙon da aka zuba daidai da kunnen makaɗin. Ba shi ne ya fara cusa wa mawaƙi abin ji a kunne ba, Marty Garcia da wasu sun riga shi tun shekarun 1980, amma nasa ne ya karɓu. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya tashi, wanda Logitech ya saya a 2008 a kan dala miliyan 34.

Su kansu ƴan lasifikokin ba domin kiɗa aka ƙirƙiro su ba. Gidansu na asali shi ne na'urar da ake maƙala wa masu raunin ji, kuma manyan masu ƙera su har yau su ne Knowles na Amurka da Sonion na Denmak. A cikin kowace akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ke rataye tsakanin maganaɗisu biyu. Lantarki ya ratsa, harshen ya girgiza, ya motsa ƴar fatar da ke tura iska. Girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ko uku a haɗe ba, shi ya sa ake iya cusa da yawa cikin ƙoƙo guda. Akwai abin mamaki a nan: kayan da aka yi wa masu raunin ji su ne suka zama abin tinƙahon masu taƙama da kaifin ji.

Bayan da Apple ya fito da iPod a 2001, mutane suka fara yawo da dubban waƙoƙi a aljihu, sai masu kwaɗayin sauti suka leƙa kayan mawaƙa suka ce su ma shi suke so. Harvey ya bar kamfaninsa na farko a 2007 ya kafa JH Audio, a 2009 ya fito da JH13, mai lasifika shida a kowane kunne, a kan dala 1,099. Daga ranar aka buɗe tseren ƙidaya. Wannan ya ce takwas, wancan ya ce goma sha biyu, har kamfanin 64 Audio ya kai 18 a kunne guda. Za mu dawo kan wannan tsere, domin a nan ne muke ganin an fi yaudarar mai saye.

Mu fara da abin da yake gaskiya. Sirrin iyafis na awo yana cikin toshewa. Sauti mai kauri, irin amon babbar ganga, yana buƙatar iskar da aka killace tsakanin lasifika da dodon kunne. Da an sami ƴar kafa ko da ta kaurin gashi ce, sai amon ya tsiyaye, a bar mutum da ƙarar gwangwani. Matan da ke kaɗa shantu sun san wannan tun kafin a haifi injiniyoyin: zurfin amon yana fitowa ne daga yadda tafin hannu da cinya suke rufe bakin shantun. Iyafis na kasuwa yana dogara da ƴar robar da ke bakinsa, mai girma uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, alhali ramin kunnen ɗan Adam ba bututu ba ne miƙaƙƙe. Yana da lanƙwasa biyu, na dama ya bambanta da na hagu, kuma yana sauya siffa duk lokacin da muƙamuƙi ya motsa. Shi ya sa lokacin ɗaukar awo ake tura ɗan soso ya wuce lanƙwasa ta biyu domin ya kare dodon kunne, kuma sau da yawa ake sa wa mutum wani abu ya ciza, bakinsa a buɗe, har robar ta kama. In aikin ya yi kyau, ƙoƙon zai zauna a wuri guda kullum, ba zamewa, ba ciwo, ko da an wuni da shi.

Toshewar nan tana kawo abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi komai: shiru. Masu ƙera shi kan ce yana rage hayaniyar waje da kimanin desibel 26. Kunne kan ji ragin desibel 10 a matsayin rabin ƙara, don haka abin da ke saura bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ku tuna yadda muke sauraro. Janareta na ruri a bayan gida, injin niƙa a gaba, kabu-kabu na wucewa, fanka na kaɗawa. Ƙananan sautukan da ke ba kiɗa rai, numfashin mai busa sarewa kafin ya ɗauki baiti, gogar izga a kan tsirkiyar goge, ƴar rawar da tsirkiyar gurmi ke yi bayan an sake ta, duk hayaniya ce ke haɗiye su. Da yawa daga cikin abin da sabon mai saye ke kira sababbin sautukan da bai taɓa ji ba, da ma can suna cikin waƙar. Gari ne ya yi masa shiru karon farko. Wannan riba ce ta haƙiƙa, ba mu raina ta. Abin da muke cewa kawai shi ne ƙoƙon ne ya kawo ta, ba yawan abin da ke cikinsa ba.

Akwai kuma wani abu da masu talla ba sa son a tsaya a kansa. Ramin kunne, da tsawonsa ya kai kimanin santimita biyu da rabi, yana ƙarfafa wani yanki na sauti da kansa, wajen kaɗawa 2,700 a sakan guda, inda hasken muryar mutum yake. Ƙwaƙwalwarmu ta saba da wannan ƙari tun muna jarirai. Da zarar an toshe ramin, ƙarin ya tafi, dole maƙeri ya mayar da shi ta cikin na'urar. In ya rage, murya ta yi nisa kamar daga cikin ɗaka. In ya zarce, ta zama tsawa. To, ramin kowa da nasa tsawo da faɗi, saboda haka ƙarin da ya dace da wane ba lalle ya dace da wance ba. A nan ne kalmar awo take ɓoye rabin zance. Abin da aka auna shi ne siffar kunne. Daidaiton sautin kuwa, a mafi yawan kamfanoni, guda ne ga duk wanda ya sayi wannan samfuri. Tela ya auna jiki, amma yadin iri ɗaya ya yanka wa kowa. Ga shi kuma ba a gwada na awo kafin a biya. Iyakar abin da ake ba mutum ya ɗanɗana shi ne ɗan'uwansa mai bakin roba, wanda ba ya zama a zurfin da na awon zai zauna.

Yanzu ga tseren ƙidaya. Akwai dalilin da ya sa ake haɗa lasifika fiye da ɗaya: irin mai harshen ƙarfen nan takan yi rauni a can ƙasa da can sama, kuma a kan dandamali ana buƙatar ta ɗauki ƙara mai yawa ba tare da ta shaƙe ba. Raba aiki tsakanin biyu ko uku hikima ce. Amma kowace da aka ƙara tana zuwa da nata bututu, da nata matacin sauti, da buƙatar a daidaita lokacin isowar sautinta da na saura. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawa ya san cewa makaɗa goma da ba su da jagora ba su fi mutum biyu da suka san juna ba. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya guda ya riƙe ƙasar Hausa shekaru da dama. A duniyar iyafis ma akwai makamancinsa. Etymotic ER-4, wanda kamfanin Mead Killion ya fitar a 1991, lasifika guda ce a kowane kunne, kuma har yau masana na auna wasu da shi. Lamba 18 tana da daɗin faɗa a majalisa, tana kuma ba da hujjar farashi, amma kunne ba ya ƙirga lasifika. Abin da ya iso dodon kunne shi kaɗai yake ji.

Ba mu kaɗai muke faɗin haka ba. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba awon sautin abubuwan sauraro guda 283, masu araha da masu tsada, bai sami wata alaƙa ta a zo a gani tsakanin farashi da daidaiton sauti ba. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun shafe shekaru suna sa mutane sauraro ba tare da sun ga abin da ke kunnensu ba, suka gano cewa abin da ya fi rinjayar zaɓin mai sauraro shi ne ma'aunin kauri da siranta, kuma yawancin mutane suna taruwa ne a kusa da ma'auni guda. Da wannan ma'auni ya fito fili, masana'antun Sin suka ɗauke shi suka yi ta aiki. A 2022 aka ga irin su Moondrop Chu da 7Hz Zero a kan dala 20, da daidaiton sautin da shekara goma kafin nan sai mai ɗaruruwan daloli. Hausawa na cewa araha ba ta ado. A wannan fage karin maganar ya fara tsufa.

Haka zancen yake game da sauran kayan da ake rataya wa mai saye: igiyar azurfa ta ɗaruruwan daloli, da fayil ɗin da aka ce ya fi faifan CD tsabta. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun gwada masu sauraro sau 554, ko za su bambance sauti mai wannan babban matsayi da wanda aka mayar matsayin CD. An dace sau 276, wato rabi, daidai da abin da mai canki-canki zai samu. To me ya sa masu saye suke rantsuwa? Ba ƙarya suke yi ba. Mutumin da ya biya miliyan, ya jira makonni, kuma ya san ba a mayar da kayan domin ba kunnen da zai shiga sai nasa, zuciyarsa ta riga kunnensa yanke hukunci. Ango ba ya kushe amarya a makon farko.

Duk wannan zancen wasu ƙasashe ne. In muka dawo gida, matsalarmu ta riga isa kunne. Mu bi waƙa guda daga inda aka haife ta. An gama ta a situdiyo a Kano ko Maraɗi ko Yamai, an tura wa mawaƙi ta WhatsApp, ya tura wa abokinsa, wani ya ɗora ta a YouTube, wani ya sauko da ita ya mayar da ita MP3, ta isa teburin masu tura waƙa a bakin kasuwa, ta shiga katin memori, daga nan ta riƙa tsalle daga waya zuwa waya. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowane sakan. MP3 ɗin da aka fi yawo da shi yana ɗauke da 128, wajen kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya. Matsewa ta farko, in an yi ta da kyau, kunne kan yafe ta. Amma duk lokacin da aka sake juya fayil ɗin daga wani tsari zuwa wani sai an sake zubar da wani abu, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Kamar kunun da kowane gida ya ƙara wa ruwa kafin ya miƙa wa maƙwabci.

Ba muna zagin wannan hanya ba ne. Ita ce ta yi wa kiɗanmu abin da kamfanonin faifai ba su yi masa ba. Mdou Moctar ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, kuma ta wayoyi da katin memori waƙoƙin suka ratsa Sahara, har Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya a arewacin Mali ya sa ta cikin tarin da ya fitar a 2011, Music from Saharan Cellphones. Waƙa mai rai takan tsira ko ta wace kafa aka fitar da ita. Sai dai iyafis mai kyau ba ya gyara, tona asiri yake yi. Ka zuba masa irin wannan fayil, zai nuna maka duk tabon da lasifikar waya ke rufewa: kuge ya koma kamar ana murza leda, ƙarshen kalmomi na ninkaya kamar a ƙarƙashin ruwa. Ga kuma al'adar da ta kama situdiyoyi da yawa, namu da na waje, ta tura ƙarar waƙa har ƙololuwa domin ta fi ta wani tashi a waya da wurin biki. A lasifikar biki wannan ba ya damun kowa. A cikin kunnen da aka toshe, minti goma ya isa mutum ya gaji. Shi ya sa muke ganin wanda ya fi cancantar abin sauraro mai gaskiya a cikinmu shi ne mai haɗa sautin, tun kafin mai saurare. Abin da bai ji ba, ba zai gyara ba.

Zancen ya fi ciwo idan aka zo kan magabata. Mamman Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Malam Mamman Barka mai biram a 2018. Abin da yawancinmu muke ji na Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa kwafin kwafi ne: daga zaren rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa kaset a shagon mai ɗauka, daga kaset ɗin da rana ta gasa zuwa kwamfuta, daga nan zuwa matsewa. Kalangu ganga ce mai magana, tana bin hawa da saukar harshenmu, kuma gwanintar makaɗi tana cikin ɗan lanƙwasar da yake yi wa amo idan ya matse tsirkiya a hammata. Kaset ɗin da gudunsa ke tangaɗi yana ƙara tasa lanƙwasar a kan ta makaɗin, har yaron yau ya ɗauka haka aka kaɗa. Babu iyafis a duniya, ko na lasifika 18 ne, da zai raba su. Abin da zai raba su shi ne komawa ga zaren asali, irin wanda gidajen rediyo kamar Muryar Sahel da Rediyon Kaduna suka ɗauka, da irin wanda cibiyar CELHTO ta Yamai, da aka kafa a 1968 domin tarihin baka, ta tattara, da wanda ke cikin akwatunan iyalan mawaƙa, a kwafe shi da na'ura mai kyau ba tare da matsewa ba. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura, mu kuwa ukun nan ne shekararmu. Attajirin da ke da miliyan guda ta sha'awar sauti, da zai sa ta a nan, da ya sayi abin da dubban kunnuwa za su ji.

Akwai wani fannin da a kansa muke goyon bayan na awo ba tare da jan ƙafa ba, shi ne wanda aka ƙirƙiro shi dominsa tun farko. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 15,000 a kowane ɓangare, su ne ke mayar da girgizar iska ta zama ji. Wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma sa iyaka ga baligi: desibel 80, awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 92, awa biyu da rabi ke nan a mako gaba ɗaya. Ku dubi mawaƙin biki da ƴan amshinsa da mai sarrafa na'ura, waɗanda ke tsayawa dab da lasifikokin da suka fi su tsawo tun la'asar har tsakar dare, kwana uku a jere. Ku dubi saurayin da ke kan babur ya ƙure ƙarar wayarsa domin ta rinjayi inji. Wannan shuuu ɗin da ke biyo mutum gado bayan biki ba gajiya ba ce, rauni ne.

Kuma ɓarnar tana farawa ne daga wani wuri da ya shafi harshenmu kai tsaye. Ƙara takan fara cin ji a wajen kaɗawa 4,000 a sakan. Hawa da saukar muryar Hausa suna can ƙasa da wannan, shi ya sa suke tsira ko a wayar da ta fi kowace lalacewa. Baƙaƙe ne ke zaune a sama. Abin da ya raba sara da tsara da shara, a can yake. Mutumin da wannan yanki ya fara mutu masa yana jin ana magana sarai, amma kalmomin sun zama dunƙule, musamman a cikin taro. Sai ya riƙa cewa yaran yanzu ba sa buɗe baki. Mawaƙin da ya kai wannan matsayi ya rasa ma'aunin sana'arsa. Gare shi, ƙoƙon da ke rage hayaniyar dandamali ya bar shi ya ji kansa a hankali kayan aiki ne, kamar tabarau ga mai walda.

Sai dai da sharaɗi. Waɗannan na'urori suna da saurin amsawa ƙwarai, ɗan lantarki kaɗan ya isa su kai ƙarar da ta wuce ta dandamalin da aka gudo. Shirun da suka kawo dama ce ta rage ƙara, wanda bai rage ba ya kai wutar cikin ɗaka ne kawai. Mawaƙin da ke cire ɗaya domin ya ji tafin jama'a yakan ƙara wa ɗayan ƙarfi ba tare da ya sani ba, kunne guda na shan lasifikar fili, ɗayan na shan ta ciki. Shi kuwa mai sauraro na yau da kullum, mafi yawan wannan shiru yana iya samunsa da iyafis na dala 20 ko 50, in ya yi haƙuri ya nemi bakin roba ko na soso da ya cika kunnensa daidai. Wanda ramin kunnensa ya ƙi kowace roba, ko wanda aikinsa ya sa shi sawa awa shida a rana, shi ne na awo ya zame wa magani. Ya kuma sani cewa ƙoƙon kan tsage in ya faɗi a siminti, gumi da dauɗar kunne da ƙurar hunturu kan toshe ƴan bututun, kuma in ya rame ko ya yi ƙiba sosai awon na iya sauyawa. Gyara kuwa sai an ƙetare teku.

Abu guda ya rage da ke yi mana nauyi, ko da yake ba a auna shi da desibel. Mu mutanen sauraro tare ne. Rediyo guda a gindin bishiya, dattawa goma. Waya guda a tsakiyar fada, shayi na tafasa, wani ya ce a mayar da baitin nan, gardama ta tashi a kan wa mawaƙin yake yi wa habaici. Rabin fahimtarmu ta waƙa daga bakin na kusa da mu muka same ta. Ko da iyafis ya shigo, samari suka samo masa hanya: kai ɗauki na dama, ni na hagu. Sony ma da ya fitar da Walkman na farko a 1979 ya sa masa kafar sauraro biyu, da wani maɓalli da ake dannawa kiɗan ya lafa domin mutum biyun su yi magana. Daga baya aka cire su, domin masu saye sun nuna su kaɗai suke son ji. Na awo shi ne ƙarshen wannan tafiya. Ba a ara wa aboki, ba a ba ƙane in an gaji da shi, ba ya shiga rabon gado, ko ɓarawo ya ɗauka bai sami komai ba. Mai sanye da shi ba ya jin sallama, kuma a kan titi ba ya jin hon.

Wanda duk da haka ya yanke shawarar yi, matakin farko ba a kanti yake ba, a ɗakin masanin kunne yake. Zai haska ramin da fitila, ya duba dodon, in akwai dauɗa sai an fitar da ita kafin a ɗura komai. A wannan zama ne ya kamata mutum ya nemi a gwada masa jinsa, a sa masa sautuka ɗaya bayan ɗaya daga mai kauri zuwa siriri, yana ɗaga hannu in ya ji, a zana masa sakamakon a takarda. Makaɗa da yawa a nan suke fara ganin layin nasu ya tafi daidai, ya faɗa rami a kan 4,000, sannan ya ɗan taso, tun ba a kwaɓa robar ba.